Tarihin Farfesa Chandrasekhar, Ɗalibin da Ya Gano Iyakar Nauyin Taurari

Duk wanda ya taɓa zama a aji ya san halin da yaro kan shiga idan ya yi lissafi ya sami amsa, ya sake bi ya tabbatar daidai ne, amma malam ya duba ya ce ba haka ba ne. Yawancinmu shiru mukan yi mu goge abin da muka rubuta. Wasu kuma sukan tsaya gardama har abin ya koma rashin kunya. Mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan fitowa ya sami kansa cikin irin wannan hali yana da shekara 24, a gaban taron manyan masana taurari na Ingila, kuma wanda ya ƙaryata shi shi ne malamin da ya fi kowa suna a fannin a wancan zamani. Saurayin bai goge amsarsa ba, bai kuma ɗaga wa kowa murya ba. Bayan shekara 48 aka ba shi kyautar Nobel. Sunansa Subrahmanyan Chandrasekhar, amma abokai da ɗalibai Chandra suke ce masa, haka mu ma za mu riƙa kiransa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Chandra ran 19 ga Oktoba, 1910, a birnin Lahor, wanda a lokacin yana cikin ƙasar Indiya ta mulkin Ingilishi, yanzu kuwa yana cikin Pakistan. Iyayensa 'yan ƙabilar Tamil ne daga kudancin Indiya, aiki ne ya kai su arewa. Mahaifinsa babban jami'in binciken kuɗi ne a hukumar jiragen ƙasa. Mahaifiyarsa Sitalakshmi ba ta yi nisa a makarantar boko ba, amma ta koyi Turanci har ta fassara wani wasan kwaikwayo na marubucin nan na Norwe, Ibsen, zuwa harshen Tamil. Su goma aka haifa a gidan, Chandra ne na uku kuma namiji na fari. Ƙanen mahaifinsa shi ne C. V. Raman, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin fiziks cikin 1930.

Cikin 1918 iyalin suka koma Madaras, birnin da yanzu ake kira Chennai. A gida aka koyar da Chandra har ya kai shekara 12, mahaifinsa na koya masa lissafi, mahaifiyarsa na koya masa Tamil. Cikin 1920, yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ta ba shi labarin rasuwar Ramanujan, wani akawu ɗan yankinsu wanda ya tashi cikin talauci amma baiwarsa ta lissafi ta kai shi Jami'ar Kembirij har Turawa suka sara masa. Wannan labari ya zauna a zuciyar yaron, domin ya nuna masa cewa ɗan ƙasar da ake mulka yana iya zama tare da masu mulkin a fagen ilmi.

Ya yi sakandare daga 1922 zuwa 1925, sa'an nan ya shiga Kwalejin Presidency ta Madaras inda ya karanta fiziks har zuwa 1930. Cikin 1928 wani shahararren malamin fiziks na Jamus, Arnold Sommerfeld, ya kawo ziyara Madaras. Chandra, wanda ya riga ya karanta littafin mutumin ciki da bai, ya je masaukinsa don ya nuna masa abin da ya sani. Sommerfeld ya sanar da shi cewa ilmin da ke cikin littafin ya riga ya tsufa, domin an yi sabon bincike a Turai wanda ya sauya fahimtar ƙwayar zarra baki ɗaya, ya kuma ba shi kwafin sabuwar maƙalarsa. Maimakon gwiwarsa ta yi sanyi, sai Chandra ya duƙufa kan sabon ilmin. Kafin shekara ta zagayo ya rubuta maƙala tasa, ya aika wa Ralph Fowler a Kembirij, aka buga ta a mujallar babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila cikin 1929. Shekarunsa 18 a lokacin.

Matsalar fararen wadanni

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu tuna wa juna yadda tauraro yake rayuwa. Tauraro, har da ranarmu, dunƙule ne na iskar gas mai tsananin zafi. Nauyinsa kullum yana janyo shi ciki, yana neman ya murƙushe shi, zafin da ke fitowa daga tsakiyarsa kuma yana tura shi waje. Muddin akwai makamashi, wato sinadarin haidirojin da ke juyewa zuwa hiliyam, waɗannan biyu sukan yi kunnen doki, tauraron ya zauna lafiya. Tambayar ita ce, me zai faru ranar da makamashin ya ƙare?

Masana sun riga sun ga wasu taurari da suka kai wannan matsayi. Tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda Larabawa ke kira Shi'ira, Turawa kuma Sirius, yana da wani ɗan ƙaramin abokin tafiya. Nauyin wannan abokin ya yi kusan na rana, amma girmansa bai wuce na duniyarmu ba. Cokalin shayi ɗaya na jikinsa zai yi nauyin ton da yawa. Irin waɗannan taurari su ake kira fararen wadanni, saboda ƙanƙantarsu da farin haskensu.

Cikin 1926 Fowler ya bayyana abin da ke riƙe da farin wada. Ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira elektiron suna da wata ɗabi'a, biyu ba sa yarda su zauna a matsayi guda, kamar fasinjojin da kowa ya riƙe kujerarsa ya ƙi a ɗora masa wani a cinya. Gwargwadon yadda aka matse su, gwargwadon yadda suke ƙara gudu suna turo waje. Wannan turi ba ya bukatar zafi, saboda haka ko tauraron ya huce sarai ba zai rushe ba. Masana suka ji daɗin wannan bayani, domin ya nuna cewa kowane tauraro, babba ko ƙarami, zai ƙare rayuwarsa cikin kwanciyar hankali a matsayin farin wada.

Lissafi a cikin jirgin ruwa

Da Chandra ya gama digirinsa, gwamnatin Indiya ta ba shi sukolashif ya je Kembirij ya yi karatu a hannun Fowler. Mahaifiyarsa na kwance ba lafiya, amma ita ce ta matsa masa ya tafi. Ya shiga jirgin ruwa a Bombai ran 31 ga Yuli, 1930. Bai sake ganinta ba, ta rasu cikin 1931.

Tafiyar ta ɗauki kusan mako uku kafin su sauka a Benis ta ƙasar Italiya. A cikin jirgin ya ɗauko lissafin Fowler ya sake bi, sai wata tambaya ta faɗo masa: wane irin gudu elektiron ɗin nan suke yi a tsakiyar farin wada? Da ya lissafa, sai ya ga gudunsu ya kusanci na haske, wato kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda. Einstein kuwa ya riga ya nuna tun 1905 cewa babu abin da zai iya wuce gudun haske, kuma abin da ya kusanci wannan gudu ba ya bin ƙa'idojin da aka saba. Fowler bai sa wannan a lissafinsa ba.

Da Chandra ya sa, sai amsar ta sauya. A tauraro marar nauyi sosai, duk lokacin da ya ƙara matsewa turin elektiron yakan ƙaru fiye da yadda jan nauyi ke ƙaruwa, don haka dole a kai inda za su daidaita. A tauraro mai nauyi kuwa, elektiron sun riga sun kusa ƙure gudunsu, turinsu ba ya iya tsere wa jan nauyi. Ke nan akwai wani nauyi wanda in farin wada ya wuce shi, babu yadda zai tsaya da ƙafarsa. Adadin da ya fara samu, wanda aka buga cikin 1931, shi ne 0.91 na nauyin rana. Da aka ƙara sanin sinadaran da ke cikin irin waɗannan taurari, adadin ya koma wajen ninki 1.4 na nauyin rana. Shi ne ake kira iyakar Chandrasekhar. Adalci ne a faɗi cewa Edmund Stoner a Ingila da Wilhelm Anderson a Estoniya sun hango irin wannan iyaka a kusan lokaci guda, haka ma Lev Landau a Tarayyar Sobiyet cikin 1932. Chandra ne dai ya bi lissafin har ƙarshensa, ya kuma fito da abin da yake nufi ga makomar taurari.

Ran 11 ga Janairu, 1935

A Kembirij Chandra ya zauna a Kwalejin Trinity, ya kuma yi ɗan zama a Gottingen ta Jamus da cibiyar Niels Bohr a Kofanhegan. Ya sami digirin dakta cikin 1933, kwalejin ta ɗauke shi cikin masu bincikenta. Malamansa ba su ɗauki maganar iyakar nan da muhimmanci ba. Cikin 1934 ya ziyarci Tarayyar Sobiyet, inda wani masani, Viktor Ambartsumian, ya ba shi shawara ya yi cikakken lissafi ba tare da ƙiyasi ba, don ya rufe bakin masu shakka. Ya dawo ya shafe watanni yana fama da wata na'urar lissafi mai juyawa da hannu.

Cikin masu yawan leƙo shi a ɗakinsa a waɗannan watanni har da Sir Arthur Eddington. Wannan mutum shi ne jagoran ilmin taurari a lokacin. Shi ne ya je tsibirin Firinsife, cikin tekun Gini kudu da gaɓar Nijeriya, ya ɗauki hoton husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, wanda ya gaskata ƙa'idar Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari. Littafinsa a kan abin da ke cikin taurari Chandra ya karanta shi tun yana Madaras, yana kuwa ganin girmansa ƙwarai. Eddington ya ga lissafin yana tafiya mataki mataki, bai taɓa nuna wa saurayin cewa yana shirin rushe shi ba.

Ƙungiyar masana taurari ta Ingila ta sa taronta a Landan ran 11 ga Janairu, 1935. Ana gobe taron Chandra ya ga tsarin jawabai, ya tarar Eddington zai yi magana nan da nan bayansa, a kan batu guda. Ya gabatar da sakamakonsa, ya nuna cewa tauraro mai ƙaramin nauyi zai ƙare a farin wada, amma wanda cibiyarsa ta wuce iyaka ba zai iya ba, dole makomarsa ta zama wata daban. Eddington ya miƙe ya ce haɗa ƙa'idar Einstein da ta elektiron yadda Chandra ya yi ba daidai ba ne. Ya nuna cewa in aka yarda da lissafin, tauraro zai yi ta matsewa har ya koma 'yan kilomitoci, jan nauyinsa ya hana ko haske fita, abin da shi a ganinsa wauta ce wadda dole a ce akwai wata doka ta halitta da za ta hana. Ya yi maganar cikin raha, mahalarta suka yi ta dariya. Ba a ba Chandra damar mayar da martani ba.

Abin mamaki a nan shi ne Eddington ya fi kowa a ɗakin gane inda lissafin ya nufa. Abin da ya siffanta don ya nuna rashin yiwuwarsa shi ne abin da yau muke kira baƙin rami. Ya hango shi sarai, zuciyarsa ce ta ƙi karɓa.

Chandra ya rubuta wa abokinsa Leon Rosenfeld a Kofanhegan yana neman a raba gardama. Amsa ta zo cewa Bohr da Pauli sun duba, sun ga lissafinsa daidai ne, hujjar Eddington kuwa ba ta da tushe. Amma manyan nan ba su so su fito fili su shiga rigimar masana taurari. Cikin 1936 Rudolf Peierls ya buga maƙala mai goyon bayan lissafin, duk da haka masana taurari da yawa sun ci gaba da bin Eddington saboda girmansa. A taron duniya da aka yi a Faris cikin 1935 ya sake maimaita sukarsa, bai kuwa janye ba har ya rasu cikin 1944.

Shawarar da ya yanke

A nan ne halin Chandra ya bayyana. Ya auna ya ga in ya tsaya jayayya da mutum kamar Eddington, zai ƙarar da ƙuruciyarsa yana maimaita magana guda. Ya kuma san cewa lissafi ba ya ruɓewa don an ajiye shi. Saboda haka ya tattara duk abin da ya gano, da hujjojinsa dalla-dalla, ya zuba cikin littafi a kan tsarin cikin taurari wanda ya fito cikin 1939, sa'an nan ya bar fannin ya koma wani. Abin ya yi masa ciwo, bai kuma ɓoye hakan ba a ƙarshen rayuwarsa. Amma bai yanke zumunci da Eddington ba, sun ci gaba da musayar wasiƙu. Da aka zo bikin cika shekara 100 da haihuwar Eddington cikin 1982, Chandra aka gayyata ya yi laccoci a Kembirij, ya kuwa bayyana shi a matsayin wanda ya fi kowa fice a fannin a zamaninsa, tare da faɗin inda ya yi kuskure.

Cikin 1936 ya je gida ya auri Lalitha, wadda suka yi karatun fiziks tare a Kwalejin Presidency. Ba su sami haihuwa ba, sun kuwa zauna tare shekara 59. A farkon 1937 suka tafi Amurka, inda Jami'ar Shikago ta ba shi aiki a gidan duba taurari na Yerkes, cikin jihar Wisconsin. Can ma bai tsira daga jarrabawa ba, domin wani babban jami'i a jami'ar ya ƙi yarda mutum mai duhun fata ya koyar a sashensa, sai da shugaban jami'ar, Robert Hutchins, ya sa baki. Chandra ya zauna a wannan jami'a har ƙarshen rayuwarsa. Shi da matarsa sun zama 'yan ƙasar Amurka cikin 1953.

Malami kuma edita

Daga nan ya ɗauki wata hanyar aiki wadda ba kasafai ake ganin irinta ba. Yakan zaɓi fanni guda, ya zauna a kansa wajen shekara goma, ya rubuta maƙaloli, ya rufe da babban littafi, sa'an nan ya kwashe takardunsa ya koma sabon fanni kamar ɗan aji ɗaya. Haka ya yi da tafiyar taurari cikin garkensu (1942), da yadda haske ke ratsa sararin tauraro (1950), da motsin ruwa da iska a ƙarƙashin zafi da maganaɗisu (1961), da siffar dunƙulen ruwa mai juyawa (1969). Cikin 1983 ya fitar da littafi a kan lissafin baƙaƙen ramuka, wato ya dawo kan abin da aka yi masa dariya a kai.

Malamanmu za su so su ji cewa bai ɗauki koyarwa a matsayin abin da ke tauye masa bincike ba. Shekara da shekaru yana tuƙa mota daga Yerkes zuwa Shikago, tafiyar fiye da kilomita 100, don ya shiga aji, ko da a tsakiyar hunturu ne. Cikin waɗanda suka zauna a ajinsa akwai samari biyu 'yan ƙasar Sin, Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang, waɗanda suka sami Nobel cikin 1957, shekara 26 kafin malamin nasu. Ɗalibai kusan 50 ne suka yi digirin dakta a hannunsa. An san shi da tsanani a kan aiki, da tsabtar rubutu, da shigar kwat mai duhu da farar taguwa kullum. Ba ya cin nama. Yana son wasannin Shakespeare da kiɗan Beethoven.

Daga 1952 zuwa 1971 shi ne editan mujallar binciken taurari ta Jami'ar Shikago. Ya karɓe ta tana mujallar gida, ya bar ta tana cikin manyan mujallun fannin a duniya. Shekara 19 ƙaddarar maƙalolin matasa na hannunsa, shi da ya san ɗacin a yi watsi da aikin matashi ba tare da an saurare shi ba.

Yadda sama ta ba da shaida

Tambayar da Chandra ya bari ita ce, ina tauraron da ya wuce iyaka yake zuwa? An fara samun amsar tun kafin taron Landan, ba a dai haɗa biyun ba. Cikin 1934 Walter Baade da Fritz Zwicky a Kalifoniya sun nuna cewa akwai wata irin fashewar tauraro mai tsananin ƙarfi, suka sa mata suna sufanoba. Tauraro guda yakan yi haske na 'yan makonni kamar na dubban miliyoyin rana. Mutanen da sun ga irin wannan ba tare da sanin mene ne ba. Likitan nan na Masar, Ali ibn Ridwan, ya rubuta bayanin wani baƙon tauraro da ya bayyana cikin 1006, masana taurari na ƙasar Sin kuma sun rubuta wani cikin 1054. Baade da Zwicky suka ce abin da fashewar ke bari shi ne tauraron niyutiron, wani dunƙule da ya fi farin wada matsewa nesa ba kusa ba. Cikin 1939 Robert Oppenheimer da ɗalibansa suka nuna cewa shi ma tauraron niyutiron yana da tasa iyaka, wadda in aka wuce ta sai baƙin rami.

Duk wannan a takarda yake har 1967, lokacin da wata ɗaliba a Kembirij, Jocelyn Bell, ta kama wani saƙon rediyo daga sama mai bugawa a kai a kai kamar agogo. Aka gano tauraron niyutiron ne mai juyawa. Cikin 1968 aka sami irinsa a daidai wurin da mutanen Sin suka ga baƙon tauraro cikin 1054, yana juyawa wajen sau 30 a daƙiƙa.

A yau an san cewa iyakar Chandrasekhar tana tsakiyar manyan nau'o'in sufanoba guda biyu. Na farko, tauraron da ya fi rana nauyi kamar sau takwas ko fiye yakan yi ta ƙona sinadari bayan sinadari har cibiyarsa ta zama ƙarfe, wanda ba ya ba da makamashi. Turin elektiron ne ke riƙe da wannan cibiya. Ranar da nauyinta ya kai iyaka, sai ta rufta cikin ƙasa da daƙiƙa guda ta koma dunƙule mai faɗin wajen kilomita 20, sauran jikin tauraron kuma ya tarwatse. Na biyu, farin wada mai abokin tafiya yakan riƙa zuƙo gas daga jikin abokin. In nauyinsa ya doshi iyaka, sinadarin kabon da ke cikinsa yakan kama da wuta gaba ɗaya, tauraron ya watse ba tare da ya bar komai ba. Yawancin ƙarfen da ke cikin fartanya da wanda ke cikin jininmu daga irin waɗannan fashe-fashe ya samo asali. Ranarmu kuwa ba ta da nauyin da zai kai ta can. Bayan shekara wajen biliyan 5 makamashinta zai ƙare, daga bisani ta koma farin wada.

Nobel da rasuwarsa

Ran 19 ga Oktoba, 1983, ranar da ya cika shekara 73, aka sanar da cewa an ba shi kyautar Nobel tare da William Fowler na Amurka, wanda ba shi da dangantaka da malaminsa Ralph Fowler. Ya kuma rayu ya ga wata babbar shaida. Ran 23 ga Fabrairu, 1987, aka ga sufanoba a wani garken taurari maƙwabcin namu, mai nisan tafiyar haske ta shekara wajen 168,000. Sa'o'i kaɗan kafin a ga haskenta, na'urori a ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kama ƙwayoyin niyutirino ashirin da 'yan kai cikin 'yan daƙiƙoƙi, alamar cewa cibiyar wani tauraro ta rufta kamar yadda lissafi ya nuna.

Aikinsa na ƙarshe shi ne sharhin babban littafin Isaac Newton, inda yakan warware kowace matsala da kansa kafin ya duba yadda Newton ya yi. Littafin ya fito cikin 1995. Ran 21 ga Agusta na wannan shekara ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Shikago, yana da shekara 84. Lalitha ta rayu har 2013, ta rasu tana da shekara 102.

Bayan rasuwarsa

Akwai wata matsala da Chandra ya rasu ba a warware ba. Cikin 1967 wasu taurarin ɗan'adam na sojan Amurka, masu suna Vela, waɗanda aka harba don su sa ido a kan gwajin makaman nukiliya, suka kama wata walƙiya ta hasken gamma, wato nau'in hasken da ya fi kowane ƙarfi. Ba daga duniya ta fito ba. An sanar da lamarin cikin 1973, aka shafe fiye da shekara ashirin ana gardamar ko daga kusa take ko daga nesa. Wata na'ura da aka harba cikin 1991 ta nuna cewa ana samun irin wannan walƙiya kusan kullum, daga kowace kusurwa ta sama. Cikin 1997 tauraron ɗan'adam na Italiya da Holan, BeppoSAX, ya gano daidai inda wasu suka fito, aka auna nisan, aka tarar tafiyar haske ce ta biliyoyin shekaru. Abin da za a gani daga wannan nisa kuwa, ƙarfinsa ya wuce misali.

Cikin 1998, sa'an nan cikin Maris 2003, aka ga sufanoba ta bayyana a daidai wurin da walƙiyar gamma ta fito. Wannan ya tabbatar da cewa walƙiya mai ɗan tsawo tana faruwa ne idan cibiyar wani ƙaton tauraro mai saurin juyawa ta rufta, ta feso wuta ta kai da gindi da gudun da ya kusa na haske. Gajeriyar walƙiya kuwa, wadda ba ta kai daƙiƙa biyu ba, an tabbatar da asalinta ran 17 ga Agusta, 2017, lokacin da na'urori a Amurka da Italiya suka ji girgizar karon taurarin niyutiron biyu daga nisan tafiyar haske ta shekara wajen miliyan 130, walƙiyar gamma ta biyo baya cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Duk waɗannan gawarwakin taurari ne da suka wuce iyakar nan.

Bugu da ƙari, da yake fashewar fararen wadanni kusan ƙarfinta ɗaya ne, masana sun mayar da ita ma'aunin nisa. Da ita ne ƙungiyoyi biyu suka gano cikin 1998 cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, binciken da ya jawo kyautar Nobel ta 2011. Cikin Yuli 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta harba babban madubin hangen nesa mai ganin hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ta sa masa suna Chandra. Hoton farko da aka fitar daga gare shi na ragowar wata sufanoba ne, kuma a tsakiyar hoton aka ga wani ɗigon haske da ba a taɓa gani ba, wanda masana suka fahimta tauraron niyutiron ne da fashewar ta bari.

To, 'yan'uwa, da yawa daga cikinmu yanzu mu ne ke zaune a kujerar da Eddington ya zauna, a aji ko a ofis ko a gida, yara na kawo mana abin da suka gano. Eddington bai rasa ilmi ba, shi ne ma ya fara ganin inda maganar za ta kai. Abin da ya hana shi karɓa shi ne amsar ba ta yi daidai da abin da yake so ba, girmansa kuma ya sa sauran jama'a suka bi shi. Ga waɗanda ke tasowa kuma, Chandra ya nuna cewa mutum na iya riƙe gaskiyarsa ba tare da ya zubar da mutuncin na gaba da shi ba. Ya rubuta hujjarsa inda kowa zai iya dubawa, ya ci gaba da aikinsa. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Idan yaro ya kawo mana amsar da ba mu zata ba, mu zaunar da shi mu bi lissafin tare kafin mu ce ya goge.